Hanyar Talata

A gidanmu da ke Dosara, Talata tun daren Litinin take farawa. Da an idar da sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kunna fitila, a shiga ɗaurin kaya. Inna tana ƙirga ƙuli-ƙuli tana zubawa a kwando, kwalaben man gyaɗa na jere a gindin bango. Baba yana auna shinkafa da tiya yana juyewa a buhu. Mu yara aikinmu riƙe bakin buhu, muna gyangyaɗi muna ƙin kwanciya, don kada a zaɓi wanda za a tafi da shi kasuwa ba ma wurin. Wanda aka zaɓa ba ya barcin kirki. Sauran kuma su kwana suna jera masa sautu: wannan rake, wancan alewa, wata 'yan kunne.

Sunan garin da za a je ya isa ya gaya maka abin da ke tara mutane a cikinsa. Mafara sunan ƙasar ne da sarautarta, Talata kuwa ranar da kasuwarta ke ci. Mu ba mu cika haɗa sunayen biyu ba. Mafara muke cewa, in ranar kasuwa ce mu ce za mu ci Talata. Garin bai kai Gusau ba, balle Sakkwato, amma yana zaune a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Gusau da Funtuwa ta shiga Zariya. Saboda haka duk mako mutanen Maradun da Bakura da Anka da Tureta da ƙauyukan da ke tsakaninsu suke kwararowa cikinsa da hatsi da shinkafa da kudaku da dabbobi, su koma da gishiri da kananzir da atamfa da labarin duniya.

Kakanmu ya bi wannan hanya, Baba ya bi ta, mu ma mun bi ta, kowa da abin hawansa. Da a ce sauri kaɗai ake dubawa, da mu ne muka fi kowa morewa. Sai dai a 'yan shekarun nan mun fara shakkar haka.

Kaka da jakuna ya yi tasa tafiyar. Biyu gare shi, Duna da Aura, kuma har ya tsufa yana ba da labarinsu kamar wasu 'yan uwansa da suka riga shi. In muka tsokane shi muka ce ai tafiyar jaki ɓata lokaci ce, sai ya ɗaga sanda kamar zai kai mana duka, ya ce, "Ku ɗiyan zamani mi kunka sani ga tahiya? Mu munka san hanya, ku mota ta san ta." Tun kafin asuba suke ɗora akumari, su aza taiki ko mangala, su haɗu a bakin gari. Ba wanda ke tashi shi kaɗai. Sai ayari ya cika, babba a cikinsu ya yi addu'a, sannan a kama hanya. Sun san kowace kuka da kowace tsamiya da ake hutawa a ƙarƙashinta, sun san rijiyar da ruwanta ke da daɗi, da gidan da za a ba baƙo fura ko ba a san shi ba. Da damina in ruwa ya cika, sai a sauke kaya a jira masu fito, a ƙetare da mutane da kaya, jakuna kuma a ja su da igiya suna iyo suna turjewa.

Abin da Kaka ya fi nanatawa shi ne dokar ayari. In jakin wani ya durƙushe, kowa zai tsaya, a raba kayansa a kan sauran. In wani ya kamu da ciwo a hanya, ba a wuce shi. Wanda ya saɓa wannan, mako mai zuwa ba zai sami abokin tafiya ba, kuma a wancan zamani rashin abokin tafiya daidai yake da rashin kasuwa. Akwai kura a daji, akwai ɓarayin da kan yi kwanto jefi-jefi, amma taron mutum goma da sanduna ya ishe su.

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Mafara ba, amma ya taɓa rayuwarta. A 1929 dogon da aka ja daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda, ya tsaya a nan. An sha yin maganar ƙarasa shi Sakkwato, har yau maganar ce kawai. Da dogo ya iso, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, su ne abin biyan haraji, kamfanonin Turawa suka buɗe sikeli a Gusau. Kaka ya ce lokacin kaka sukan wuce Mafara da kwanaki, su kai gyaɗa har inda jirgi yake, jakuna da raƙuma da takarkarai a jere. A can ya fara ganin jirgi yana fitar da hayaƙi, Aura ya tsinke igiya ya ruga, suka wuni nemansa. Bayan wasu shekaru motocin kamfani suka fara zuwa ɗaukar kayan da kansu, tafiyar kwanaki ta koma ta yini. Jaki ya rasa doguwar hanya, aka bar masa ta ƙauye zuwa bakin titi. Daga nan kalmar lamba ta shiga bakinmu, wato mahaɗar da hanyar gari ke faɗawa babban titi, irin su Lambar Bakura da Lambar Tureta. Garin da ya yi nisa da titi sai ya haifi ɗan ƙaramin gari a lambarsa, da masu shayi da masu faci da masu jiran mota.

Baba a zamanin manyan motoci masu bodin katako ya tashi, har ya yi 'yan shekaru yana yaron mota. Bedford ce, an jera benci a bayanta, mutane da buhuna da awaki duk wuri ɗaya. Mai hali shi ke biyan kuɗin gaba ya zauna kusa da direba. Aikin Baba ɗaurin kaya, zuba ruwa a lagireto, da dirowa da gudu ya sa waigi a bayan taya in mota ta gaza a hawa. Yana kan wannan aiki aka sauya hannun tuƙi a Najeriya, ranar 2 ga Afrilun 1972, aka bar hagu aka koma dama. Ya ce makonni ya yi yana maƙale a ƙofa, da ya hango wata mota tafe sai ya buga bodi ya yi ihu, "Dama, maigida, dama!" Ba a gama sabawa da wannan ba, a farkon 1973 aka kawo naira da kwabo a madadin fam da sule. Tsofaffi suka ƙi yarda da lissafin, kowace Talata sai an yi rigimar kuɗin mota a tasha, ɗan kamasho yana rantsuwa, tsohuwa tana ƙulle bakin zanenta.

Sai kuma madatsar ruwa ta zo. A 1974 aka fara gina dam ɗin Bakolori a kan gulbin Sakkwato, nan kusa da mu, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, aka kammala a 1978. Manyanmu sun ce ba su taɓa ganin ƙarfe mai tafiya da yawa haka ba: tifofi, katafiloli, tankokin ruwa, dare da rana. Samari suka sami aikin lebura da gadi, wasu suka koyi tuƙi da kanikanci, sana'ar da ta riƙe gidaje da yawa har bayan Turawan sun tafi. Aka fasa hanyoyi a gefen magudanan ruwa, keke ya sami inda zai yi gudu. Baba ya bar bin mota ya sayi Raleigh, ya yi mata ado da madubi biyu, ranar Talata ya ɗaure buhu a kariya ya ɗora ɗayanmu a kan ƙarfen gaba.

Amma ruwan da aka tare ya kwanta a kan fili mai faɗin kimanin hekta 8,000. Ya ci gonaki da fadamu da ƙauyuka a ƙasar Maradun, aka tayar da dubban mutane aka sake musu matsuguni. Ya ci hanyoyi ma. Wasu daga cikin turakun da Kaka ya bi da jakunansa, da itatuwan da ya sha inuwarsu, suna ƙarƙashin ruwa yanzu, masunta ke wucewa ta kansu a kwalekwale. Da manoma suka ga maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ba su da wani makami sai hanyar kanta. Suka datse hanyoyin aikin, suka hana motoci wucewa. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Adadin mamatan da gwamnati ta faɗa daban, wanda mutanen ƙauyukan ke faɗa daban, kuma tazarar da ke tsakani ba kaɗan ba ce. A gidanmu ba a yin wannan hira da ƙarfi. In ta taso, Baba yakan yi shiru, can ya ce, "Allah shi jiƙan musulmi," a kama wata.

Mu a zamanin a-kori-kura da Fijo muka yi wayo. Mun san daɗin zama a kan buhu a bayan mota, iska na dukan fuska, a isa Mafara da jar ƙura har a gira. Mun san hayaniyar tasha, da ƙanshin tsire da ƙosai, da kukan shanu a kara, da masu amalanke suna "hanya, hanya" a cikin cunkoso. Ranar 1 ga Oktoban 1996 aka yanke Zamfara daga jihar Sakkwato, sai fuskar tafiyarmu ta juya. Da can mai neman takarda ko aiki ko babban asibiti yamma yake nufa, yanzu sai gabas, Gusau. Mafara dai tana nan a tsakiya, duk inda za ka sai ka bi ta kanta.

Babu abin hawan da ya canza mu kamar babur. Da can Honda da Suzuki da Yamaha na malaman makaranta ne da ma'aikata. Bayan shekarar 2000 babura masu araha suka shigo daga Sin da Indiya, Jincheng da farko, daga baya Bajaj, 'yan siyasa ma suka riƙa rabawa. Yayanmu ya sayar da bijimi ya sayi ɗaya, ya shiga kabu-kabu. Ƙauyen da mota ba ta taɓa shiga ba, babur ya shiga. Matar da ke jiran Talata kafin ta sayar da kaza ta daina jira. Ga waya kuma ta zo, kana gida za ka ji farashin shinkafa kafin ka ɗaura buhu.

Ba za mu manta wani dare ba da naƙuda ta tsananta wa ƙanwarmu, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Babu mota a gari. Yaya ya tayar da babur, aka ɗora ta a tsakiya, Inna ta hau baya ta rungume ta, su uku suka kama hanyar Mafara cikin duhu. Mu da muka rage muka zauna a zaure muna sauraron ƙarar babur ɗin har ta ɓace. Da hantsi aka bugo waya, an sauka lafiya, mace. Ranar kasuwa ce, don haka kowa ya san laƙabin da ake kiran yarinyar da shi. Da a zamanin Kaka ne, Allah kaɗai ya san yadda daren zai ƙare.

Wannan babur ɗin dai shi ne ya kawo mana abin da muke ciki. Abin da ya sa ya yi mana amfani, shi ya sa ya yi wa mutanen daji amfani: ba ya bukatar titi, ba ya shan mai da yawa, yana ɗaukar mutum uku. A da in muka ji ƙarar babur da dare, mukan ce baƙo ne ko mai jinya. Yanzu kunne muke kasawa mu ƙirga. In ɗaya ne, a koma barci. In sun yi yawa, a tashi yara. A shekarar 2021 abin ya zo mana ta ko'ina. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai a makarantar Kaya, a ƙasarmu ta Maradun.

A daidai wannan lokaci gwamnatin jiha, ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta rufe dukkan kasuwannin mako. Aka hana safarar dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana hawan babur daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a wajen babban birni, aka hana goyon mutum uku. Bayan kwana biyu aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Mun fahimci dalilin. A kasuwa ake sayar da shanun sata, daga kasuwa mai da abinci ke shiga daji. Da yawanmu mun yi na'am, mun ce in dai za a sami lafiya, a yi. Amma mun kuma lura cewa tafiyar da ta ceci ƙanwarmu, mutum uku a kan babur da tsakar dare, yanzu ta zama laifi biyu.

Talatar farko bayan dokar ta faɗo ranar 7 ga Satumba. Inna ta riga ta soya ƙulinta tun Lahadi, don hannunta bai san wani abu ba sai haka. Daren Litinin ta fito da kwando tsakar gida, ta zauna tana kallonsa. Ta ce, "An ce kasuwa a kai miki dole. To ga dole, ga kaya, ina kasuwar?" Washegari gari ya yi tsit. Ba ƙarar a-kori-kura, ba masu kiran fasinja. Muka ga dattawan da shekara arba'in ba su taɓa wuni a gida ranar Talata ba suna zaune a gindin bango, sun rasa abin yi da hannuwansu.

A makonnin da suka biyo baya muka gane abin da kasuwar take yi mana wanda ba mu taɓa lissafawa ba. Akuya ita ce bankin matan ƙauye. In yaro ya kwanta ciwo, ita ake kaiwa Talata a dawo da kuɗin magani. Yanzu ga akuya ga ciwo, babu mai saye. Aka koma musaya a cikin unguwa, tiyar shinkafa a ba ka kwalbar mai. Gishiri da sabulu suka yi tsada, abin da muka noma ya faɗi. Da babu waya, saƙo ya koma baki da takarda, a ba direba ya kai. Masu 'ya'ya a Kano ko Legas sukan shiga mota su tsallaka cikin jihar Sakkwato, su yi ta ɗaga waya sama har su sami layi, su ce muna lafiya, su juyo. Labarin rasuwa kan iso bayan an yi addu'ar uku. A kasuwa ne dangin da aure ya raba suke haɗuwa, a can ake biyan bashi, a can ake fara maganar aure. Duk wannan ya tsaya tare da motocin.

Bayan 'yan watanni aka sassauta, kasuwa ta dawo, waya ta dawo. Hanya ce ba ta dawo yadda take ba. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a shekarar da ta biyo ta wuce 1,000. Kuɗin kai kwandon ƙuli Mafara da dawowa ya kusa cinye ribarsa. Matan unguwarmu suka koma haɗa kayansu wuri ɗaya su ba mutum guda, ya sayar ya kawo wa kowa nata. Yaya ya fara kashe babur a gangara don ya rage shan mai.

Wasu suka ce a koma wa jaki. Da aka je nemansa sai aka tarar ya yi tsada, ya kuma yi ƙaranci. Shekaru ana loda jakuna a tirela ana kai su kudu ana yankawa, fatun kuma a fitar da su zuwa Sin, inda ake dafa su a yi wani magani. Abin ya kai har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu a watan Fabrairun 2024. Ko da an sami jakin ma, ta ina zai bi? Turakun Kaka wasu na cikin ruwa, waɗanda suka rage sun ratsa ta dajin da ba mai shigarsa yanzu da son ransa.

Yau in daren Litinin ya yi, har yanzu ana shimfiɗa tabarma ana ɗaurin kaya, sai dai aiki ɗaya ya ƙaru. Ana buga waya ƙauyukan da ke gaba a tambaya, "Hanya lafiya?" Da safe ba a sammako. Sai rana ta ɗaga, an ga motar farko ta shigo daga can, direbanta ya ce ba komai. Sannan motoci da babura su taru su tashi tare, ba mai son ya zama shi kaɗai a gaba ko a baya. In ta wani ta lalace, sauran su tsaya, a raba fasinjojinsa. Kafin la'asar kowa ya haɗa kayansa, ko ya sayar ko bai sayar ba. Ranar da muka fara lura da wannan tsari, dariya ta kama mu, dariyar da ba ta daɗi ba. Ayarin Kaka ne ya dawo, da dokarsa duka, sai dai yanzu sanda ba ta isa. Tafiyar da babur ke yi kafin shayi ya huce, sai an kwana ana shawararta. An ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kaka ya fi mu jinkiri, amma ya fi mu sanin zai dawo.

Yarinyar nan da aka haifa a Mafara ta girma, ita ke riƙe bakin buhu yanzu. A garin aka haife ta, sunan ranar kasuwarsa take amsawa, amma ba ta taɓa cin Talata ba. Duk mako sai ta tambaya, duk mako sai mu ce sai wani makon. Uwarta ba ta so, kuma ba mai ganin laifinta. Mu ma mun san abin da muke tsoro. Amma akwai wani tsoron da ke bayansa: mu tayar da yaran da duniyarsu ta tsaya a bakin gari, waɗanda ba su san tayi da albarka ba, ba su san fuskar danginsu na Bakura ba, suna jin sunan Mafara kamar yadda muke jin sunan Makka. In aka kai haka, ba sai wata gwamnati ta rufe kasuwa ba, da kanta za ta mutu.

Baba ne ya raba gardamar. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ba ya zuwa ko'ina, amma har yanzu ba a ɗaure buhu sai ya taɓa ya ji nauyinsa. Ya ce, "Ku tahi da ita. Ku tashi cikin mutane, ku komo cikin mutane. Allah ya fi su."

Muka tafi da ita. Ta zauna a kan buhu a bayan a-kori-kura, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, mu kuma idonmu na kan kowane kurmi da muka wuce. A kasuwa ta tsaya a bakin kara ta kasa motsi, ba ta taɓa ganin shanu da yawa haka ba. Ta taya 'yan kunne, mai kaya ya ce albarka, ta juyo tana tambayarmu ko zaginta ya yi. Ta sayi rake da kuɗin ƙulin kakarta, ta ɓoye guntu biyu na sautu. Tun azahar muka fara haramar komawa.

Da muka iso, Baba na zaune a zaure inda muka bar shi, carbi a hannu. Bai tambayi ciniki ba. Ya miƙa hannu ya shafa kan yarinyar, ya ji ƙura a ɗankwalinta, ya ce, "Amarya, kin ga hanya?"

Ta ce, "Na gani. Talata mai zuwa ma da ni za a je."

Ba wanda ya amsa mata. Inna ta karɓi kwando ta shiga ƙirga kuɗi.